Wa Ya Mallaki Fuskar 'Yar Ruwa? Nazarin Martanin Masu Kallo ga Fim ɗin The Little Mermaid na 2023

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda masu kallo suka karɓi fim ɗin The Little Mermaid da kamfanin Disney ya fitar a 2023, wanda tushensa ke komawa ga tatsuniyar Hans Christian Andersen ta 1837. Maƙalar tana kafa hujja a kan abu biyu. Na farko, asalin da masu adawa da fim ɗin suka ce an ɓata, hoton zanen Disney ne na 1989, domin shi kansa zanen ya yi nesa da abin da Andersen ya rubuta. Na biyu, alƙaluman da ake kawowa da sunan "ra'ayin masu kallo" suna auna taron jama'a daban-daban, kuma haɗa su wuri guda yana ɓatar da manazarci.

Gabatarwa

A farkon watan Yulin 2019 kamfanin Disney ya sanar cewa Halle Bailey, mawaƙiya baƙar fata 'yar Amurka mai shekara 19, ita ce za ta fito a matsayin Ariel. A lokacin ba a ɗauki ko daƙiƙa ɗaya ta fim ɗin ba, don sai a farkon 2021 aka kunna kyamara. Duk da haka, kafin a kwana biyu kafafen sada zumunta sun cika da masu cewa wannan ba Ariel ɗinsu ba ce, da masu mayar musu da martani. Fim ɗin bai shiga silima ba sai ranar 26 ga Mayun 2023. Ke nan kusan shekara huɗu aka yi ana yanke wa fim hukunci kafin kowa ya zauna ya kalle shi.

Wannan shi ne abin da ya ja hankalina. Mun saba a fagen nazarin fim mu ce mai kallo shi ne wanda ya ga abu sannan ya faɗi yadda ya ji. A nan kuwa tsarin ya juye: ji ya riga gani, kuma da ganin ya zo bai kori jin ba.

Daga Andersen zuwa Disney

Ya kamata a fara tuna abin da Andersen ya rubuta, domin da sunansa aka yi yawancin gardamar. 'Yar ruwan tatsuniyarsa ba ta da suna. Ƙaramar 'ya ce ga sarkin teku, kuma sai da ta cika shekara 15 aka bar ta ta leƙa saman ruwa. Kakarta ta gaya mata cewa 'yan ruwa suna rayuwa har shekara 300, amma idan sun mutu sai su zama kumfa, ba su da rai madawwami irin na 'yan Adam. Wannan rai shi ne babban abin da take nema, son yariman kuwa hanya ce zuwa gare shi. Matsafiyar teku ta yanke mata harshe ta ba ta ƙafafu, a bisa sharaɗin duk takun da za ta yi za ta ji kamar a kan kaifin wuƙa take tafiya. Yariman ya auri wata. 'Yan'uwanta mata suka ba da gashin kansu aka ba su wuƙa don ta kashe shi ta koma ruwa, ta ƙi, ta faɗa teku. Labari ne mai nauyi, cike da tunanin addinin Kirista game da ceto da lada, kuma ba a ɗaura aurenta a cikinsa ba.

Gaskiya ne Andersen ya siffanta ta da shuɗayen idanu da fata mai laushi da haske, kuma adalci ne a faɗi haka. Amma jan gashin da aka yi ta kuka a kansa babu shi a littafin. Sunan Ariel babu shi. Ƙaguwar nan Sebastian, da kifin nan Flounder, da biki a ƙarshe, duk 'yan 1989 ne, ƙirƙirar John Musker da Ron Clements da suka ba da umarnin zanen, tare da Alan Menken da Howard Ashman da suka yi waƙoƙinsa. Shi ma Andersen bai fara daga banza ba, domin ya san labarin Undine na marubucin Jamus Friedrich de la Motte Fouqué wanda ya fito a 1811, inda aljanar ruwa ke samun rai ta hanyar auren ɗan Adam.

Da amincin tatsuniyar Andersen ne damuwar, da tun 1989 aka yi bore, lokacin da aka cire yankan harshe, aka cire neman rai madawwami, aka kawo ƙaguwa mai karin harshen Karibiyan tana rera kiɗan kalifso a ƙarƙashin teku. Ba a yi ba. An rungumi zanen, ya ci kyautar Oscar biyu a fannin kiɗa da waƙa, ya kuma farfaɗo da sashen zane na Disney bayan shekarun koma-baya. Yaran da suka kalle shi a kaset har ya gaji, su ne manyan 2019 masu waya a hannu.

Ra'in nazari

Ra'ayoyin masana uku suka yi mini jagora. Hans Robert Jauss, a laccarsa ta 1967 a Jami'ar Konstanz, ya nuna cewa mai karatu ba ya zuwa wa aiki da wofin zuciya. Yana zuwa da tsammanin da ayyukan baya suka gina masa, kuma da shi yake auna sabon. Stuart Hall, a takardarsa ta 1973, ya ce saƙon da aka ɗura a shiri ba lallai ne shi mai kallo zai kwashe ba: yana iya karɓa, yana iya karɓar wani ɓangare ya ajiye wani, yana iya juya masa baya gaba ɗaya. Linda Hutcheon kuma, a littafinta na 2006 kan juya labari daga wani salo zuwa wani, ta raba masu kallo gida biyu, waɗanda suka san aikin farko da waɗanda ba su san shi ba. Wannan rabon na ƙarshe shi ya fi yi mini amfani.

Martani kafin kallo

A watan Satumbar 2022 aka saki gajeriyar tallar fim ɗin. Kyamara ta bi ta cikin ruwa mai duhu, ta ratsa tarkacen jirgin da ya nutse, sannan a ƙarshe aka ga fuskar Bailey tana rera 'yan kalmomi daga fitacciyar waƙar Ariel, gashinta murɗaɗɗe an rina shi ja mai ratsin tagulla. Daga wannan ɗan guntu martani iri biyu suka fito.

Na farko shi ne ƙin amincewa. Jaridu da dama sun ruwaito cewa tallar ta samu alamar "ban so ba" sama da miliyan ɗaya da rabi a YouTube cikin kwana biyu. Sai dai tun watan Nuwambar 2021 YouTube ya ɓoye wannan ƙidaya daga idon jama'a, saboda haka adadin da aka yi ta yaɗawa ƙiyasi ne daga wata manhaja da ake liƙa wa burawuza, wadda ke hasashe daga masu amfani da ita. Ba ina cewa ƙin bai faru ba. Ya faru, kuma da yawa. Amma manazarcin da ya ɗauki adadin ya sa a takarda kamar ƙidayar hukuma ya yi sakaci.

Na biyu shi ne bidiyoyin da iyaye baƙar fata suka riƙa ɗauka suna ɗorawa a TikTok. Yarinya ƙarama tana zaune gaban talabijin ko tana riƙe da waya, tana kallon kifaye ba tare da wani motsi ba, har sai fuskar jarumar ta bayyana. Sai idanunta su buɗe, ta juyo ta dubi uwar, wata ta rufe baki da hannu, wata ta nuna fatar hannunta tana cewa kalarsu ɗaya. Duk wanda ya ga waɗannan bidiyoyi ya san ba wasan kwaikwayo ba ne. Kuma akwai tarihi a bayansu. Daga Snow White ta 1937 sai da aka yi shekara 72 kafin Disney ya zana gimbiya baƙar fata, wato Tiana a 2009, ita ma mafi yawan fim ɗin a siffar kwaɗo ta yi shi. Yarinyar da ba ta san zanen 1989 ba ba ta rasa komai ba. A wurinta wannan ce Ariel ta farko.

Duk da cewa zuciyata tana tare da waɗannan yara, dole in ajiye musu ma'auni ɗaya da na farko. Iyaye ne suka zaɓi abin da za su ɗora, kuma yarinyar da ta kalla ta koma wasanta ba a ɗora nata ba. Bidiyoyin shaida ce cewa irin wannan farin ciki ya auku. Ba su gaya mana yawansa ba.

Wa aka ƙirga?

Da fim ɗin ya fito sai alƙaluma suka fara saɓa wa juna. Kamfanin CinemaScore, wanda ke raba wa mutane kati a ƙofar silima a daren farko a biranen Arewacin Amurka, ya samu sakamakon A. A dandalin Rotten Tomatoes, makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti ya haura kashi 90 cikin 100, na ƙwararrun masu sharhi kuma ya tsaya wajen kashi 67. A IMDb kuwa, inda kowa ke iya jefa ƙuri'a ba tare da shaidar kallo ba, sama da kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'un kwanakin farko tauraro ɗaya ne cikin goma, har dandalin ya liƙa sanarwa cewa ya gano jefa ƙuri'a da ba a saba gani ba, ya kuma sauya yadda yake lissafin makin. Dandalin AlloCiné na Faransa shi ma ya yi irin wannan gargaɗi.

Waɗannan ba ma'aunai huɗu ba ne na abu guda. CinemaScore yana auna mutumin da ya riga ya so fim ɗin har ya biya kuɗi a daren farko, don haka makinsa kan yi sama. Rotten Tomatoes ya ɓullo da tsarin tabbatar da tikiti ne a 2019, bayan irin wannan rubdugu da aka yi wa fim ɗin Captain Marvel, kuma tsarin ya fi kama masu saye ta intanet a Amurka. IMDb kuma ƙofarsa a buɗe take ga duniya duka, wanda ya kalla da wanda bai kalla ba. Idan a rana ɗaya aka ga dubban tauraro ɗaya a gefe, dubban tauraro goma a ɗaya gefen, tsakiya kuwa fayau, to ba ingancin fim ake aunawa ba, ɓangarori biyu ne ke ƙirga mayaƙansu. Masu tauraro goma ɗin ma da yawansu ramuwa suka zo yi.

Ya dace mu raba mai kallo da mai ra'ayi. Dukansu sun cancanci nazari, amma da kayan aiki daban. Mai jefa tauraro ɗaya kafin ya ga fim yana gaya mana wani abu game da siyasar launin fata da ta kamfanin Disney a ƙasarsa. Game da fim ɗin kansa bai ce komai ba.

Kasuwa ma ta ba da amsa mai harshen damo. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 570 a duniya, kuma wajen miliyan 298 daga Amurka da Kanada suka fito. Wannan ba faɗuwa ba ce a gida. Amma Beauty and the Beast na 2017, da Aladdin da The Lion King na 2019, kowannensu ya haye dala biliyan ɗaya, kuma mafi yawan kuɗin daga ƙetare ne. Giɓin ya fito ne daga wajen Amurka.

Sin da Koriya ta Kudu

A Sin fim ɗin bai kai dala miliyan 5 ba, ƙasar da The Lion King ya samu sama da miliyan 100. A Koriya ta Kudu, inda Aladdin ya sayar da tikiti fiye da miliyan 12, wannan bai kai miliyan ɗaya ba. Jaridun Amurka da dama sun ɗora laifin kan wariyar launin fata, kuma lallai an ga kalaman ƙyama a dandalin sharhin ƙasashen biyu. Babu dalilin wanke su. Sai dai dalili ɗaya bai isa ba. Bayan annobar korona finafinan Hollywood gaba ɗaya sun rage tasiri a silimun Sin, 'yan gida suka karɓe fili. Kuma zanen 1989 bai zauna a ƙuruciyar mutanen Sin yadda ya zauna a ta Amurkawa ba, alhali wannan ƙuruciyar ita ce jarin da Disney ke juyawa a irin waɗannan finafinai. Ga kuma tarihin da ya sa yarinya a Atlanta ta rufe baki da hannu: tarihin Amurka ne, ba dole ne ya ratsa mai kallo a Shanghai ko Seoul ba. A nan ra'in Hall ya yi aiki, saƙo ya fita daga inda aka ɗura shi ya sauka inda ba a da mabuɗinsa.

Sukar da hayaniya ta danne

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan lamari shi ne yadda rigimar fata ta cinye fili, har sukar da ta fito daga waɗanda suka kalla da gaske ta rasa masu sauraro.

Zanen 1989 minti 83 ne, sabon kuwa minti 135, kuma ana jin wannan ƙarin. Duniyar ƙarƙashin ruwa, wadda a zane take walƙiya da launuka, a nan ta yi duhu saboda an nace sai ta yi kama da teku na gaske. Dubi Flounder. A 1989 kifi ne ɓul-ɓul, rawaya mai shuɗin zane, da manyan idanu a gaba da kumatu masu nuna tsoro da murna. A 2023 an mayar da shi siririn kifi irin wanda masunci zai ciro a taru, ido ɗaya a kowane gefe, baki yana motsi amma fuska ba ta cewa komai. Masu goyon bayan Bailey da masu adawa da ita sun haɗu a kan wannan ƙorafi, kuma ina ganin suna da gaskiya. Tatsuniya tana rayuwa ne da abin da ba zai yiwu ba, kuma duk lokacin da kwamfuta ta matsa ta ga kamannin zahiri sai wani abu ya mutu a cikinta. Abin da yawancin masu sharhi suka yaba kuwa, har waɗanda ba su so fim ɗin ba, muryar Bailey ce.

An kuma taɓa labarin a wurare da dama. An gyara wasu baitocin waƙoƙi biyu don kada a nuna ana matsa wa mace ko ana koya mata yin shiru. An sa tsafin Ursula, matsafiyar teku, ya mantar da Ariel cewa tana bukatar sumbar yarima, don kada zamanta da shi ya zama farauta. A ƙarshe ita ce ta tuƙa jirgin da ya soke matsafiyar, aikin da yarima Eric ya yi a 1989. Wasu sun ga ci gaba a nan, wasu sun ga tsoron kamfani. Wannan gardama ce mai ma'ana, domin a kan abin da ke cikin fim ɗin aka yi ta.

Suka mafi nauyi ta zo ne daga Marcus Ryder, baƙar fata ɗan Birtaniya da ya daɗe yana fafutukar ba kowa wakilci a kafafen yaɗa labarai. Ya yaba fitowar Bailey, amma ya lura cewa an ajiye masarautar Eric a tsibiri mai kama da na Karibiyan a zamanin jiragen ruwa masu filafilai, baƙi da farare suna cin kasuwa tare cikin raha, kamar ba a taɓa yin cinikin bayi a wannan yanki a wannan zamani ba. Ana iya amsa masa cewa duniyar tatsuniya ce. Amma tambayar tasa tana nan: idan ka aro tufafin wani zamani da jiragensa da gine-ginensa, kana da ikon barin azabarsa a waje? Wannan ita ce tambayar da ta cancanci shekara huɗu na muhawara, ta samu 'yan kwanaki.

Shekara biyu bayan haka, a watan Maris na 2025, Snow White tare da Rachel Zegler ya gamu da irin wannan rubdugu a IMDb. Amma shi a silima ma bai tashi ba, ya tsaya wajen dala miliyan 205. Hayaniya iri ɗaya, sakamako daban. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙuri'ar intanet ba ta hasashen abin da zai faru a ƙofar silima.

Inda abin ya shafe mu

Mu da muka taso da tatsuniyar baka muna da abin cewa a wannan muhawara. Idan kaka tana ba da labarin Gizo da Ƙoƙi da daddare, yara goma ne a zaune, kuma Gizo goma ne a zukatansu. Ba wanda zai tashi ya ce an canza masa fuska, domin ba a taɓa ba shi fuska ɗaya ba. Fim ne ke daskarar da fuska, kamfani kuma ya buga ta a jikin jakar makaranta da 'yar tsana da zanen gado har ta zama kamar ita ce labarin.

Tarihin adabinmu ma yana da misali. Abubakar Imam, a Magana Jari Ce da ya fara fitowa a 1937, ya ɗebo labarai daga Alfu Laila wa Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin 'yan'uwan Grimm da na shi wannan Andersen, ya sa musu rawani da babbar riga, ya zaunar da su a fadar sarki da kasuwar ƙauye. Makaranta ba su ce an ɓata asali ba, sun karɓe su a matsayin nasu. A rabon Hutcheon, su ne waɗanda ba su san aikin farko ba, matsayinsu ɗaya da yarinyar da ta fara sanin Ariel a 2022. Abin da Disney ya yi wa Andersen a 1989, da abin da ya yi wa kansa a 2023, sana'a ɗaya ce da ta Imam. Bambancin shi ne a wannan karon akwai miliyoyin mutane da suka riga suka haddace hoton baya.

Ina kira ga abokan aiki da ɗalibanmu masu neman batun digiri su fita da wannan tambaya zuwa inda namu masu kallo suke. Irin waɗannan finafinai suna isa gidajenmu ta tauraron ɗan'adam da wayar hannu da shagunan tura finafinai, a wurin mutanen da suka saba ganin jaruman Indiya suna magana da Hausa, waɗanda kuma suke da nasu labaran 'yan ruwa. A zauna da su a Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram, a kunna musu fim ɗin daga farko har ƙarshe, sannan a tambaye su abin da suka gani, a rubuta shi da bakinsu.